Kilarinet na roba ko na katako: ɗauki na roba tukuna

Yaya, tunda ɗan naka da gaske yake so ya maida busa kilarinet, sarewar nan ta Turawa mai maɓallai, sana'a har ya shiga okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa da mabusa, tsakanin na roba da na katako ni dai na ce ka saya mishi na roba, Yamaha YCL-255, kar ka tsaya dogon tunani.

Irin shi ne a hannuna shekara da shekaru tun ina cikin 'yan badujala. Na busa shi a fareti rana tana dukanmu, na busa shi da asuba a Jos cikin hunturu yatsu sun ƙandare, ya sha ƙura ya sha yayyafi, in na dawo gida tsumma kawai nake zura mishi in tsane ruwan ciki in mayar akwati. Sau ɗaya ya faɗo daga kan benci maɓalli ɗaya ya lanƙwashe, aka miƙar, washegari na ci gaba da busa abina. Wallahi har yau in na buɗe akwatin nan sai na ji daɗi a raina.

Na katako sautin shi ya fi zurfi, ban musa ba, amma wanda na tara kuɗi na saya na hannu hunturu ɗaya ya yi ya tsage ta wajen ramukan sama. Icen giranadila ne, baƙin nan da ake sarowa daga Tanzaniya da Mozambik, ciki na shan numfashi mai ɗumi waje kuma iska ta busar da shi, sai ya dare.

Lokacin katako na nan zuwa ai. Ranar da zai tsaya gwajin shiga okestira, inda sau da yawa bayan labule ake busawa alƙalai ba sa ganin fuskar mutum, to katako zai riƙe, kuma guda biyu, na B-filat da na A, wato kilarinet iri biyu da sautinsu ya ɗan bambanta, don konsaton Mozart na 1791, kiɗan da ya rubuta wa kilarinet da okestira wanda kusan kowane gwaji sai an nema, da na A ake busa shi. A nan ne ake maganar su Buffet R13, na katakon da ƙwararru ke riƙewa tun 1955. Kuma in Jamus ya nufa, tsarin maɓallansu ma daban ne da na Faransa da muke koyo a nan, ka ga in ka saya yanzu wataƙila sai an sake saye. Canjin da ya rage ka sa a bakin busawa mai kyau kamar Vandoren B45, da kwalin rid, ɗan siririn karan nan da ake ɗaurawa a bakin busawa, mai lamba 2.5, guda 10 ne a ciki, sai malamin da zai shirya shi jarabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Birtaniya.

Don Allah ka kula da masu sayarwa, jabu ya yi yawa, a buga tambari a jikin tarkace a ce maka tokumbo ne. Kar ka tura ko sisi don ka ga hoto a WhatsApp. Ka je da wanda ya iya busawa, ya duba lambar da ke jiki, ya busa sautin E na can ƙasa, wato mafi kauri, a hankali, in ya ƙi fita ko yana huci to iska na zurarewa, ku aje musu kayansu ku yi gaba.