Wasiƙa daga Leeds: wata bakwai sharaɓata tana rawa

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara da sauran mutanen gida. Ka sha tambayata abin da ya ramar da ni a hoton Sallah, ni kuma ina ce maka sanyi ne da aikin dare. Ban faɗa maka duka ba. Yanzu da ƙura ta lafa zan ba ka labarin, amma don Allah kada ya kai kunnen Inna.

Tun cikin Nuwamba sharaɓar ƙafata ta hagu ta fara rawa. Ba ciwo, ba kumburi. Sai dai in na zauna na miƙe ƙafa, in ga naman yana motsi da kansa kamar akwai tsutsa a ƙarƙashin fata. Bayan mako biyu abin ya hau tsokar gindin babban yatsa, daga nan sai fatar ido. Da a gida ne, rawar ido ai baƙo za ka gani, an wuce wurin. In ta dame ka ka leƙa kemis na bakin layi, ya ce sanyi ne ko ciwon jijiya, ya yi maka allurar bitamin, ya ƙulla maka ƙwaya kala uku a leda. Kafin la'asar an gama.

Ni abin da ya cuce ni shi ne na san sunan wata cuta. A gidan kula da marasa lafiya da nake aiki akwai wani Bature da nake yi wa wanka, ina juya shi a gado. Cutarsa MND suke ce mata, Amurkawa kuma su ce ALS. Jijiyoyin da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa da laka su kai wa tsoka, su ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsoka in ta daina samun umarni sai ta yi rauni, ta shanye. Hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, a ƙarshe numfashi. Hankalin mutumin nan kuwa garau, yana kallona yana sanin duk abin da nake yi masa. Matarsa ce ta taɓa ce min wai farkon abin da ya lura da shi rawar nama ce a damtse. Ta faɗa ta wuce, ni kuma maganar ta zauna min.

Ga shi garin Leeds ba inda za ka ɓuya wa wannan cuta. Akwai wani ɗan wasan zari-ruga na ƙungiyar Leeds Rhinos, Rob Burrow, da aka gano yana da ita a Disambar 2019, ya rasu ranar 2 ga Yunin 2024 yana da shekara 41. Kowa a nan ya san hoton abokinsa Kevin Sinfield lokacin da ya ciro shi daga keken guragu ya rungume shi suka tsallake layin ƙarshe na gudun famfalaki a 2023. Abokan aikina suna tara kuɗin taimako da sunansa. Ni kuma in koma ɗaki ƙarfe uku na dare in buɗe waya, in karanta cewa kusan mutum 5,000 ne ke ɗauke da cutar a Birtaniya, kuma fiye da rabinsu ba sa wuce shekara biyu bayan an gano ta. Sai in lallashi kaina da masanin kimiyyar nan Stephen Hawking, wanda aka gano tasa a 1963 ya kai har 2018. Minti biyar sai lallashin ya ƙare, don na san irinsa ba su da yawa.

Yaya, har gwaji na ƙirƙiro wa kaina. Kullum da safe sai na taka dunduniya daga gado zuwa ƙofa, in dawo a kan yatsu. In murɗe murfin kwalba, in ɓalle maɓallin riga in mayar. In tsaya gaban madubi in zaro harshe in ga ko yana rawa. Wallahi duk harshen da ka zuba wa ido sai ya yi rawa.

Bari in gaya maka yadda neman magani yake a nan, tunda kullum kuna cewa mu muna Turai mun huta. Ganin likita kyauta ne, wannan gaskiya ne, ko da yake haraji ake yanka daga albashi tun kafin ya shigo hannunka. Yawancin baƙi ma sai sun biya fam 1,035 na lafiya duk shekara tare da kuɗin biza, mu masu bizar aikin jinya ne aka ɗauke wa. Amma ba za ka tashi kawai ka je wurin likitan jijiya ba. Sai ka bi ta likitan unguwa, shi ne mai ƙofa. Ƙarfe takwas na safe za ka kira, ka tarar da mutum ashirin a gabanka a layin waya. In ka samu shiga, minti goma ne rabonka. A gida in kana da kuɗin kati da ɗan sanayya, cikin mako guda kana zaune gaban babban likita, ko da kuwa kuɗin gwaji zai sa ka sayar da akuya.

Kemis ɗinsu kuma ba irin namu ba ne. Kantin tsaf, kaya ba jabu, amma ba ya yi maka allura don ka roƙa. Ko farasitamol a babban kanti, ƙwaya 16 ce a kwali, kuma ba za su sayar maka fiye da kwali biyu ba. Maganin da likita ya rubuta kuwa, a Ingila fam 9.90 ne kowane ɗaya, mai tsada ne ko mai araha. Wannan tsarin ya burge ni, ban ɓoye maka ba.

Likitar unguwa ta ɗebi jini, ta duba hannuwana, ta ce ba ta ga abin tsoro ba, amma tunda na kasa barci za ta tura ni gaba. A ƙa'idarsu bai kamata jira ya wuce mako 18 ba. Na ƙirga su ɗaya-ɗaya. Na tambayi kuɗin ganin likita mai zaman kansa, aka ce min fam 200 zuwa sama, gani kawai ban da gwaji. Na lissafa kuɗin makarantar yara da na cefanen Inna, na haƙura. A watannin nan ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce ya jiki. Ba mugunta ba ce, haka suke, kowa da ƙofarsa a rufe. Na tuna lokacin da zazzaɓi ya kwantar da kai kwana uku, tabarmar zaure ba ta huce ba.

A Afrilu na ga likitan jijiya. Dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya buga min ɗan gudumar roba a gwiwa, ya karce tafin ƙafata, ya sa na ture hannunsa da dukan ƙarfina, ya leƙa harshe. Sai ya tambaye ni me na kasa yi yanzu wanda nake iya yi a bara. Na yi shiru ina nema, ban samu ba. Ya bayyana min cewa ita wannan cuta da gazawa take zuwa: ƙafa ta riƙa tuntuɓe, makulli ya gagari yatsu, magana ta karye. Rawar nama ita kaɗai, wata biyar ba rauni, ba hanyarta ba ce. Na ce masa ai har tsitsitsi nake ji a yatsu kamar ana soka min allura. Ya ce wannan ma nesanta ni yake yi da ita, don ba kasafai take taɓa jijiyoyin jin taɓi ba.

Duk da haka ya sa aka yi min gwajin tsoka da suke kira EMG. Da farko suna ɗan ja maka wuta a hannu da ƙafa, kamar ka taɓa firji mai ja. Sannan su soka siririyar allura cikin tsoka, na'ura tana fitar da sauti. In ka saki jiki shiru, in ka matse sai ka ji kamar ruwan sama a kan kwano. Cinya, sharaɓa, damtse, duk sai da aka bi. Ko sisi ban biya ba. Takarda ta zo a Mayu: jijiyoyi lafiya lau. Rawar nama ce marar illa, wadda gajiya da rashin barci da kofi da fargaba ke tayarwa, kuma duk huɗun ina da su. Jinina kuma ya nuna ƙarancin bitamin D, abin da ya yi yawa ga baƙar fata a ƙasar da rana ke rowa. Hukumar lafiyarsu ma tana shawartar irinmu mu riƙa shan sa duk shekara. Har yau sharaɓar takan yi rawarta, na bar ta.

Amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Baturen nan da nake kula da shi, cutarsa ba ta da waraka a nan ma. Magani ɗaya suke ba shi, riluzole, wanda ɗan jinkiri kawai yake kawowa. Sai dai an ba shi keke mai lantarki, da na'urar ɗaga shi daga gado, da bututun abinci ta ciki, da kwamfutar da yake rubutu a kai da ƙwayar ido tana yin magana a madadinsa. Da dare akwai abin da ake rufa masa a fuska yana taya shi numfashi har asuba, kuma wuta ba ta ɗaukewa. Duk sanda na gyara masa shi sai na tuna Kawu. Ka tuna yadda hannuwansa suka fara shanyewa, ya kasa riƙe buta, daga baya maganarsa ta koma kamar mai tuwo a baki? Aka ce sammu ne, aka ce iska ce, aka sha rubutu, aka yi turare. Ni ba likita ba ne, kuma ba wanda ya taɓa soka masa allurar nan balle a ce ga abin da ke damunsa. Na dai tuna cewa ku huɗu ne kuke karɓa-karɓa wajen juya shi, kuma bai taɓa kwana shi kaɗai ba. Shi Baturen nan, matarsa Laraba da Lahadi take zuwa.

In ka sami mai tahowa, a aiko min da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kada a sa kilishi, ƙwace shi za su yi a filin jirgi. Ka gaishe da Inna, ka ce mata na fara ƙiba.