IRC da multicast: wa ke raba saƙon?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko IRC da multicast abu ɗaya ne, tunda dukansu saƙo guda suke isarwa ga jama'a da yawa. Ba ɗaya ba ne. Bambancin yana wurin wanda ke ɗaukar nauyin kwafar saƙon.

A IRC, wato tsarin hira ta rubutu a intanet, sabobi (kwamfutocin da masu hira ke haɗuwa ta kansu) ne ke wannan aiki. Jarkko Oikarinen ne ya ƙirƙiro IRC a Jami'ar Oulu da ke Finlan a watan Agustan 1988. Kana rubuta /join da sunan ɗakin hira, sabarka ta sa ka cikin lissafi. Duk abin da ka rubuta, ita za ta miƙa wa sauran sabobi, kowace kuma ta kwafa wa mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Hanya guda tak ce tsakanin kowace saba da 'yar'uwarta, babu ta kewaye, kuma nan rauninta yake. Da zarar layi ɗaya ya katse, sai ka ga rabin 'yan ɗaki sun fice a lokaci guda, kowa da sunayen sabobi biyun da suka rabu a gaban sunansa. Can anjima su dawo rututu. Amma saboda a kan TCP take tafiya, wato ƙa'idar aika bayanai mai sake turo duk abin da ya ɓata a hanya, muddin layi na nan, kalmarka za ta isa cikakkiya kuma a jere.

Multicast kuwa hanyar sadarwar ce da kanta ke rabon. Steve Deering na Jami'ar Stanford ya tsara ta a takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 1112 ta 1989, aka keɓe mata adireshi daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255. Mai magana sau ɗaya yake turawa, tamkar mai shela a kasuwa, ba ruwansa da yawan masu sauraro. Kwamfutar da ke son ji sai ta sanar da rauta mafi kusa, wato na'urar da ke nuna wa saƙo hanya, ta wata ƙa'ida mai suna IGMP, rautoci kuma ba sa kwafa sai inda hanya ta rabu. A watan Maris 1992 aka watsa muryar taron IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, na San Diego ta wannan hanya, daga nan MBone, hanyar gwajin multicast a intanet, ta samo asali.

Ni a ganina multicast ta fi kyan tsari nesa ba kusa ba, har yanzu tana burge ni. Sai dai abu biyu suka taka mata birki. UDP take hawa, ƙa'idar da ba ta sake turo abin da ya ɓata, abin da ya faɗi a hanya ya faɗi ke nan. Murya na jure ɗan tsinkewa, amma rubutun da ya rasa layi ɗaya yana iya juya ma'ana. Na biyun ya fi girma: sai kowane kamfanin intanet da ke kan hanya ya yarda ya kunna ta a rautocinsa, alhali bai ga yadda zai caji kowa ba. IRC ba ta jiran izinin kamfani. Ɗalibi ɗaya mai kwamfuta a jami'a ya isa ya buɗe saba, shi ya sa a 1991 mutane suka riƙa bin labarin Yaƙin Tekun Fasha da yunƙurin juyin mulki na Mosko ta cikinta.

Idan hira kake son ginawa tsakanin mutanen garuruwa daban-daban, bi tsarin saba. Multicast ta fi aiki a hanyar da ke hannun mai ita ɗaya, kamar talabijin da kamfani ke tura wa kwastomominsa ta layinsa, ko yadda wayarka ke gano firintar ofis ba tare da ka shigar da adireshi ba.