Haɗin ƙasar tukunya na lita 50: yana riƙe ruwa har ya shaƙe saiwa

Tauraro biyu na ba shi, kuma da a makon farko na rubuta wannan sharhi da biyar zan bayar.

Buhun lita 50 ne, irin wanda aka riga aka haɗa, an rubuta a jikinsa cewa garin ɓawon kwakwa ne da falayit (fararen ƙwayoyin dutse marasa nauyi da ake sawa don iska ta ratsa ƙasa) da ruɓaɓɓen taki, a zuba a shuka kawai. Da aka buɗe shi babu abin kushewa a ido. Baƙi ne wuluk, ga laushi kamar gari, ba ya wari, babu tsakuwa, babu ƙwayar ciyawa. Ashe kyan ɗan maciji gare shi, laushin nan shi ne tushen ɓarnar.

Na dasa tumatir da tattasai masu ganye huɗu-huɗu a robobi tara masu cin lita biyar, kowace da huji shida a gindi. Kwana goma na farko lafiya lau. Daga nan ganyen ƙasa ya soma yin rawaya, shukar tana yaushi da rana alhali ƙasar jagab take. Duk mai renon shuka a tukunya ya san wannan alama: in shuka ta yi yaushi a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ƙishirwa ke damunta ba, saiwa ce ta kasa numfashi. Da na zazzage roba uku sai na tarar da rabin ƙasan na can gindi ya cure ya zama kamar taɓo, yana tsamin wari. Saiwoyin da ya kamata su zama farare masu ƙarfi sun koma ruwan ƙasa, in ka ja da yatsa fatar ta sulluɓe ta bar zare a tsakiya. Ruɓewar saiwa ke nan, kuma ƙwayoyin cuta irin su Pythium a ƙasa mai kwanciyar ruwa suke bunƙasa. Ga ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu son danshi sun fara shawagi a bakin robobin.

Ban tsaya a zato ba, na auna. Gwajin ba shi da wuya, kuma duk wanda ya sayi irin wannan buhu ya kamata ya yi shi kafin ya dasa komai. A toshe hujojin roba da salatif, a cika ta da haɗin yadda ake cikawa in za a yi dashe, a buga gindinta a ƙasa sau biyu ko uku ba tare da dannawa ba. A zuba ruwa a hankali har ya fara ƙyalli a saman ƙasar, a bar shi awa guda ya ratsa ko'ina, in ya sauka a ƙara. Sai a ɗora robar a kan bokiti, a cire salatif, a tari ruwan da ya tsiyaye. Ruwan nan da ya fita shi ne gurbin da iska za ta shiga bayan ban ruwa. A raba adadinsa da girman robar.

Daga roba mai lita biyar, mililita 300 kacal ya fito. Kashi 6 cikin ɗari ke nan. Abin da ake nema a ƙasar tukunya shi ne gurbin iska ya kai kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, kuma ga tumatir da tattasai ni ba na yarda da abin da ya gaza 15. Na maimaita da sabon haɗi daga tsakiyar buhun, ya ba ni 320. Ba kuskuren awo ba ne.

Dalilin ya fito da na tankaɗe shi da rariya mai ido kusan milimita ɗaya. Fiye da rabin haɗin ya wuce ta rariyar kamar ƙura. Ƙasar tukunya kuwa kafofi ne ke riƙe da ita, ba ƙwayoyin ba: haɗi mai kyau rabinsa zuwa kashi 85 cikin ɗari duk kafofi ne. Manyan kafofi, waɗanda ke tsakanin manyan ɓarɓashi, su ke sakin ruwa su ɗauki iska. Ƙananan kafofi su ke riƙe ruwa. In gari ya yi yawa, musamman wanda ya gaza rabin milimita, sai ya gangara ya cike manyan kafofin duka, ƙasar ta koma soso da ba ya bushewa. Garin ɓawon kwakwa kala-kala ne: akwai ƙurar, akwai zaren, akwai gutsattsarin. Mai haɗa wannan buhu ƙurar zalla ya zuba, babu zare ko ɗaya balle gutsure. Falayit ɗin da aka yi alfahari da shi a jikin buhu, na tsince shi daga lita ɗaya na haɗin bai cika cokali uku ba, shi ma ya murmushe. Falayit dutsen aman wuta ne da ake gasawa a zafin da ya kai digiri 850 zuwa 900 a ma'aunin Selshiyos har ya kumbura ya yi fari ya yi sakayau, amfaninsa duka a girman ƙwayarsa yake. In ya zama gari, aikinsa ya ƙare. Kuma don a ga tasirinsa sai ya kai kashi ɗaya cikin biyar na haɗin ko fiye, ba a barbaɗa shi don ado ba.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne shawarar da ke bayan buhun, wai a shimfiɗa tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce. Wannan shawara ce mai cutarwa. A kowace tukunya akwai wani kauri na ƙasa a can gindi da ke zama a jiƙe sharkaf bayan ban ruwa, domin ƙarfin da ƙananan kafofi ke riƙe ruwa da shi ya fi ƙarfin da ke jan sa ƙasa. Kaurin nan laushin haɗin ne ke yanke shi, ba yawan huji ba. Ruwa ba ya son barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ta cika ta batse, don haka tsakuwar ba ta cire jiƙaƙƙen wurin, ɗago shi take yi sama kusa da saiwa, ta kuma cinye wurin da saiwa za ta bi. Shi ya sa kuma haɗi ɗaya zai iya yin kyau a doguwar tukunya ya kashe shuka a gajera. Wanda zai zuba wannan buhu a farantin reno mai zurfin santimita biyar, kusan duk ƙasar ce za ta zauna cikin ruwa.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, kayan cikinsa ba marasa kyau ba ne, haɗin ne ya ɓaci. Takin ya ruɓe sosai, ba ya ɗumi, ba ya warin amoniya. Tsaminsa da na auna ya tsaya a pH 6.2, daidai inda yawancin shukar tukunya ke so, tsakanin 5.5 da 6.5. In ya bushe kuma yana karɓar ruwa nan take, ba kamar gansakukar fit (ruɓaɓɓiyar gansakuka ta fadama da ake sawa a ƙasar tukunya) ba, wadda in ta bushe ƙayau ruwa ke bi ta gefen tukunya ya fice bai jiƙa ta ba, ga tsami da yawa, pH ɗinta yana sauka ƙasa da 4.5 sai an gyara da farar ƙasa. Na ɗauki kashi shida na haɗin, na ƙara kashi biyu na falayit mai manyan ƙwayoyi da kashi biyu na ɓuntun shinkafa da aka turara. Na maimaita gwajin, mililita 900 ya fito, kashi 18 cikin ɗari. Bambancin a hannu ma ana jin sa: in ka dunƙule jiƙaƙƙen haɗin ka buɗe hannu, yana wargajewa da ɗan taɓi, ba ya zama curi. Ɓuntun a turara shi tukuna, in ba haka ba shinkafa da ciyawa za su tsiro a tukunyar. Wanda ke da ɓawon itacen fayin da ya kwana biyu ya ruɓe, gutsure milimita 3 zuwa 10, shi ma yana yi. Ɗanyen ɓawo ko ɗanyen garin katako kuwa a guje su, ƙwayoyin da ke ruɓar da su naitirojin ɗin shuka suke cinyewa, ganye ya koma rawaya. Kada kuma a ce za a gyara da yashi mai laushi. Shi ma cike kafofin zai yi, ya ƙara nauyi a banza. Bamikulait, wani ma'adini mai laushi da shi ma ake sawa a ƙasar tukunya, ba nan ne wurinsa ba, ruwa yake ƙara riƙewa kuma yana lotsewa in an danna.

A nan na so in ɗaga shi zuwa tauraro uku, in ce kaya ne mai kyau da ke buƙatar gyara. Sai sabon dashen da ke cikin gyararren haɗin ya fara ƙonewa a bakin ganye, ga wani farin ɓawo yana taruwa a saman ƙasa da gefen roba. Gishiri. Na haɗa kofi ɗaya na haɗin da kofi biyu na tataccen ruwa, na bar shi minti 30, na tace na sa ma'aunin EC, na'urar da ke nuna yawan gishirin da ya narke a ruwa. Ya nuna 2.1. A wannan hanyar awo, ƙananan tsirrai suna so ne ya tsaya ƙasa da 0.75, manya kuma kada ya wuce 1.25. Ɓawon kwakwa da ba a wanke ba yana zuwa da sodiyam da kulorayid da fotasiyam masu yawa, takin dabbobi ma yana ƙara nasa. Gishirin in ya yi yawa a ruwan ƙasa, saiwa ba ta iya jan ruwa ko da tukunyar cike take, sai shuka ta yi ƙishirwa a tsakiyar ruwa. Wato tun farko shukar nan cuta biyu ke cin ta, rashin iska da gishiri, ɗaya ta ɓoye ɗaya. Kuma a jikin buhun an rubuta ɓaro-ɓaro cewa wankakke ne. Wannan ne ba zan yafe ba. Laushin gari ana iya cewa sakaci ne, amma rubuta "wankakke" a kan abin da ke nuna 2.1 yaudara ce.

Gyaransa ya ci kwana biyu. Na zuba haɗin a buhu mai huji, na kwarara masa ruwa mai tsabta ninki uku na girmansa, kashi-kashi, ina bari ya tsiyaye tsakani. Wanki kaɗai ba ya isa, domin ɓawon kwakwa yana riƙe sodiyam da fotasiyam a jikinsa, in ka ba shuka taki sai ya kama kalsiyam da magniziyam ɗin ya saki nasa. Shi ya sa na jiƙa shi dare guda a ruwan kalsiyam naitiret, wani takin zamani mai narkewa a ruwa, giram ɗaya a kowace lita, na sake ɗauraye shi sau ɗaya. Awo ya sauka zuwa 0.7. Amma wankin ya tafi da yawancin abincin da ke cikin takin, dole a fara ba da takin ruwa tun makon farko. To me aka saya ke nan? An sayi haɗin da aka ce a zuba a shuka, an ƙare da tankaɗe, da ƙarin falayit, da ɓuntu, da wanki, da jiƙo.

Daga robobi taran farko huɗu ne suka rayu, su ma sun tsumbure. Dashe na uku, a haɗin da aka gyara aka wanke, yana tafiya daidai: saiwa fara tas ta zagaye robar cikin mako uku, ruwa yana fita ta gindi cikin daƙiƙoƙi kaɗan da zubawa, sama yana bushewa a kwana biyu. Wanda ya riga ya sayi buhun kada ya zubar, ya yi gwajin roba da na gishiri tukuna, ya gyara. Ni dai nan gaba curin ɓawon kwakwa mai zare zan saya in jiƙa da kaina, na kilo biyar yana ba da wajen lita 60 zuwa 70, in haɗa da falayit da taki a ma'aunin da na sani.