Google Search Console: Ma'aunin Da Ke Faɗa Wa Mai Shafi Gaskiya

Mai kilishi a Area 1 ko mai atamfa a kasuwar Wuse da ya biya kuɗi aka gina masa shafin intanet, kukansa ɗaya ne: an yaɗa shafin a Facebook da WhatsApp har yatsu sun gaji, amma in an rubuta "kilishi Abuja" a Google, ko ƙurarsa ba a gani. Inda za a binciki dalili shi ne Search Console, wanda Google ke bayarwa kyauta. Da can sunansa Webmaster Tools, a 2015 aka sauya masa suna.

Buɗe shi ba wuya. Ka shiga da Gmail ɗinka, ka rubuta adireshin shafin, sannan ka tabbatar naka ne. Hanyar da ta fi inganci ita ce a liƙa ɗan layin da Google zai ba ka a cikin bayanan DNS, wato saitin sunan shafinka da ke wurin kamfanin da ka saye shi. A nan galibin 'yan kasuwa ke cijewa, domin sau da yawa yaron da ya gina shafin ne ya yi rajistar da imel ɗinsa, makullin yana hannunsa. Ka karɓi makullinka tun kuna shiri. Bayan haka sai ka miƙa taswirar shafin, wato jerin adiresoshin duk shafukan da ke ciki, wadda adireshinta galibi ke ƙarewa da sitemap.xml, ka jira kwana biyu zuwa uku alƙaluma su fara shigowa.

Abubuwa huɗu yake aunawa: sau nawa shafinka ya bayyana a sakamakon bincike, sau nawa aka latsa shi, kashi nawa na masu gani suka latsa, da matsakaicin matsayinsa. Yana ajiye tarihin wata 16. Mafi daɗi shi ne jerin kalmomin da mutane suka rubuta da hannunsu. Za ka ga wasu na rubuta "dinki", ba "ɗinki" ba, saboda wayarsu ba ta da ƙugiya, wasu kuma na gauraya Hausa da Turanci. Daga nan za ka san yadda za ka tsara kanun shafukanka.

To batun yaɗawa fa? Ka saka talla a Facebook, mutum dubu su shigo, ka dawo ka duba matsayinka, da wuya ka ga ya motsa. Tun 2014 Matt Cutts, wanda a lokacin yake jagorantar sashen yaƙi da shafukan bogi a Google, ya ce ba sa amfani da yawan mabiya ko yawan masu danna "so" a Facebook da Twitter wajen jera sakamako. Mahaɗan (wato link da ake latsawa a je wani shafi) da ake sakawa a irin waɗannan dandali galibi suna ɗauke da alamar nofollow, wadda aka ƙirƙiro a 2005, ma'ana dandalin bai tsaya wa shafin ba. WhatsApp kuwa saƙonninsa a kulle suke, Google ba ya ganin abin da ke yawo a guruf.

Wannan ba ya nufin yaɗawa asara ce. Amfaninta ta bayan gida yake zuwa. Wani ɗan jarida ko mai rubutu kan abinci ya ci karo da kayanka, ya ambace ka a shafinsa tare da mahaɗi. Irin wannan ne ke da nauyi tun daga tsarin PageRank da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a kai a 1998: shafi mai daraja in ya nuna ka, kamar dattijo ne ya yi maka shaida a kasuwa. Sashen Links na Search Console zai nuna maka su waye suka yi maka wannan shaida. In ka ga ɗaruruwan shafukan caca da ba ka san su ba, wataƙila wanda ka biya don ya "ɗaga" ka ne ya sayo su. Da gyaran da ya yi wa tsarin bincikensa a 2012, mai suna Penguin, Google ya tsananta farautar mahaɗan saye. Ko dai ya yi watsi da su, kuɗinka ya tafi a banza, ko ya hukunta shafin, kuma sanarwar hukuncin a Search Console za ka same ta.

Akwai kuma awon sauri. Ana so babban abin da ke shafi ya buɗe cikin daƙiƙa 2.5. Abin da ke kashe shafukan 'yan kasuwarmu shi ne hoton da aka ɗora kai tsaye daga waya, mai nauyin megabayit huɗu ko biyar. A matse shi tukuna. Sai dai ƙaramin shafi da ba shi da baƙi sosai, wannan sashe kan fito fayau, babu komai.

Aibin Search Console a fili yake. Alƙaluman kan makara, yana ɓoye kalmomin da mutane ƙalilan suka nema, kuma layi 1,000 kawai yake nunawa a allo. Yana faɗin ciwo, ba ya rubuta magani: zai ce an ziyarci shafi amma ba a saka shi a rumbun da Google ke ɗebo sakamakon bincike ba, ya bar ka da tunanin dalili. Ba ya kuma ƙirga waɗanda suka shigo daga Facebook ko Instagram, wannan aikin wani ma'auni ne daban mai suna Google Analytics. Mai son shagonsa ya fito a taswira in wani a Garki ya nemi kilishi kusa da shi, sai ya buɗe Google Business Profile daban, ya saka adireshi da lokutan buɗewa daidai, ya roƙi kwastomomi su rubuta ra'ayinsu.