Yaya, kafin ka sayi manyan diskin nan ga yadda abin yake a Jamus

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya su Hajiya da yara, ya zafin Kano. Toh maganar akwatin ajiyar situdiyo da kace ya cika har ka fara goge bidiyon bikin bara don na bana ya samu waje, dan Allah ka dakata da gogewar nan, kuma kar ka tura yaro Beirut Road ko Farm Center ya dauko maka duk diskin da aka mika masa. Nima na canza na akwatina a nan Hamburg, irin naka ne NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da kwamfutoci suke shiga ta netwok, mai daki biyu na saka diski, na cire masu tera 4 na saka masu tera 12, shi yasa nace bari in zauna in rubuta maka a tsanake, a waya ba zamu gama ba.

Shi aikin kansa ba wuya. Akwatinka a tsarin RAID 1 yake, duk abin da ka zuba a diski daya yana nan a dayan, shi yasa diski biyu masu tera 4 suka baka wajen tera 4 kawai ba 8 ba. In zaka canza, daya zaka cire ka saka sabon, ka shiga ta kwamfuta ka bashi umarnin gyara, sai ya kwashe komai daga tsohon da ya rage ya zuba a sabon, wannan yana iya cin yini guda ko fiye in kayan sunada yawa. Sai ya gama tsaf sannan ka cire na biyun ka maimaita. Kar ka damu in ka saka na farko kaga wajen bai karu ba, haka yake, sai duka biyun sun shiga sannan zai bude. Kuma mai tera 12 wajen 10.9 zai nuna maka, ba cuta bace, lissafin kamfani daban na kwamfuta daban.

Abin da nake so ka gane shine lokacin kwashewar nan duk bikin mutane, duk kamu da dina da yinin biki da suka baka amana, a kan diski guda daya suke, tsoho kuma, ana ta karanta shi tun daga farko har karshe ba hutu. In akwai ranar da zai mutu toh ranar ce. A nan ni ko tunanin wuta banyi ba, na kunna na tafi aiki na dawo yana ta yi, don a kididdigar hukumarsu dauke wutar da gida yake gani a shekara guda gaba daya baya kai minti 15. Mu kuwa a gida ka sani, ana tsakiyar aiki a dauke, yaro ya ruga ya tada janareta, a kawo da karfi, a sake daukewa. Wallahi Yaya in kudin ba zai isa duka ba, gara ka fara sayen UPS mai kyau wanda yake da igiyar USB da zaka hada da akwatin, in batir ya kusa karewa akwatin da kansa zai kashe kansa cikin tsari. Akwatin baya cin wuta, mai daki biyu bai fi wat 20 da wani abu ba, inbatar sola dinka zata rike shi kwana da yini. Su nan wutar bata daukewa amma tsadarta ake kuka da ita, yunit daya ya haura santi 30 na yuro.

Sai saye. A nan ta intanet kusan kowa yake saya, farashin da ka gani shine zaka biya, harajinsu na kashi 19 yana ciki, ba ciniki ba rage min ba albarka. Kwana daya biyu an kawo, in baka gida su ajiye wajen makoci ko a wani akwatin karfe a bakin titi kaje ka bude da wayarka. Abin da yafi burge ni shine doka ta baka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta intanet ko ba dalili, sannan shekara 2 mai shagon yana da alhaki in kayan sunzo da matsala, bayan haka ga garantin kamfani, IronWolf na Seagate da Red Plus na WD shekara 3 ne, masu Pro a sunansu shekara 5. Ka dauki lambar jikin diskin ka saka a shafin kamfanin take zai gaya maka ranar da garantin zai kare. Kaga kenan rabin kudin da mutum yake biya a nan na kwanciyar hankali ne. A gida kuwa sau da yawa garantin ka shine an gwada a gabanka ya tashi, sai kuma mutuncin mai shagon.

Amma kar ka dauka nan ba a cuta. A farkon 2025 mujallar kwamfuta ta Heise a nan Jamus ta bankado cewa an sayar wa mutane diskin Seagate da yawa a matsayin sabo alhali sunyi dubban awanni suna aiki, an goge lissafin awannin da ake gani a SMART, wato bayanan lafiyar da diski yake ajiyewa a cikinsa, an nade su a leda kamar daga kamfani, sai da aka duba wani lissafin na daban da ake kira FARM sannan asiri ya tonu. Kamfanin yace ba ta hannunsa suka fito ba, ta bayan fage suka shigo kasuwa. Toh in an yi haka a kasar da take da duk dokokin nan, ka kiyasta tokumbon da yake zuwa mana a kwali ba takarda. Ba nace duk na gwanjo banza bane, akwai masu kyau, amma ka tafi da laftof dinka da manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, a jona a gabanka ka duba awannin da yayi da kuma wuraren da suka lalace a ciki aka kauce musu, in kaga alamar ruwan dorawa ka ajiye musu kayansu ko nawa suka rage.

Akwai kuma iri. Ka tabbata CMR ne ba SMR ba, wato salon yadda diski yake jera rubutunsa, ka rubuta harufan a takarda ka tafi dasu. Shi SMR layukan rubutunsa hawa kan juna suke kamar jerin kwanon rufi, in zai gyara layi daya sai ya taba na kusa dashi, shi yasa in aka dade ana zuba masa kaya sai yayi sanyi sosai, a wajen kwashewar da na fada maka har akwatin yana iya dauka ya mutu ya fitar dashi. A 2020 anyi rigima babba da aka gano wasu WD Red masu tera 2 zuwa 6 SMR ne ba a fada wa mutane ba, daga nan suka fito da sunan Red Plus don a bambance. Har yanzu tsofaffin suna yawo a kasuwa.

Inda Kano tafi nan kuwa shine mutane, wannan ko a gaban waye zan fada. A nan in akwatinka ya samu matsala sai ka nemi lokaci, a baka wani satin, kudin awa daya na mai gyara ya isa ka fasa, karshe ace maka ka sayi sabo. Ranar Lahadi ma shaguna a rufe suke. A gida kira daya zakayi yaro ya hau adaidaita ya zo har situdiyo, ya bude ya hure kura ya canza fanka ko ya nada caja, ku sha lemo ya tafi, in ba kudi a hannu ace sai ka samu. Wallahi ina kewar wannan, kuma yaran nan namu sunada hannu, kayan aiki kawai suka rasa.

Zafi da kura ma ka saka a lissafi. A nan diskina da kyar yake wuce digiri 35, kai kuwa a watan Afrilu iskar waje ma ta haura 40, manyan diski kuma sun fi kanana dumi. Ka dauke akwatin daga cikin durowar nan, ka dora shi a sama inda iska take ratsawa, lokacin hunturu a rika hure shi akai akai.

Tsofaffin masu tera 4 din kar ka sayar. Ka saya musu gidan USB ka kwafe muhimman ayyuka a kai ka kai gidan Hajiya ka ajiye, don RAID ba ajiyar ko-ta-kwana bace, in yaro ya goge fayil ko barawo ya dauke akwatin ko wuta ta kona shi duka biyun ne suka tafi tare. Da zaka samu wani diskin aro kayi wannan kwafin tun kafin ka fara canjin ma yafi.

Shawarata in saya maka a nan in gwada su sati guda a wajena, in da matsala in mayar cikin kwanakin nan 14, sai in bada a taho maka dasu a jakar hannu ba cikin kayan da ake jifa ba. Illar kawai garantin kamfani sau da yawa na yankin da aka saya ne, in ya lalace sai an dawo dashi nan, amma zan rike rasit din. UPS kam a Kano zaka saya, nauyi gareshi kuma bakin soket din nan zagaye biyu ne ba irin namu mai uku ba. Ka daukar min hoton takardar da take bayan akwatin inga lambarsa, don wasu tsofaffin basa wuce tera 16 a rumbu daya, kuma ina so in duba jerin diskin da yake karba kafin in biya. Ka hada min da hoton shafin lafiyar diskin guda biyu. A gaishe min da Hajiya da Anti da yara.