Tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali: wata 3 ina dafa naman shanu da taliya a cikinta

Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Gana, gidanmu kuma yana unguwar Aboabo. Kafin in samu trotro, wato motar haya, in iso gida an kusa kiran magariba, jiki duk ya mutu, ga yara suna jiran abinci. Abin da ya sa na sayi tukunyar nan ke nan a wani shago a Adum. Lita 5 ce, cikinta tangaran mai nauyi, murfinta gilashi, maɓalli ɗaya tak: ƙaramar wuta, babbar wuta, sai na ɗumame.

Inda ta fi burge ni shi ne naman ƙwauri, mai jijiyar nan da mata ke gudu saboda cin gawayi. Bayan sallar asuba nakan soya fam 3 sama-sama a kasko har ya yi ja, in juye a tukunyar da albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta, masoro, kanumfari biyu, tumatir da ɗan daddawa. Ruwa kaɗan, kada ya rufe naman, domin tururin ba ya fita, komawa ciki yake yi. In sa ƙaramar wuta in kama hanyar kasuwa. Awa 8 zuwa sama, jijiyar ta narke ta shige romon, ya yi kauri har yana kama leɓe. Surukata Hajiya, wadda haƙoranta suka daɗe da sallama nama, ranar farko cewa ta yi, "'Yar nan, ƙaro mini tsoka." Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Taliya kam kada ki zuba ta da safe. Na yi haka sau ɗaya, na dawo na tarar ta dame kamar koko. Yanzu sai na dawo nake kakkarya ta, in ƙara ruwan zafi, in murɗa babbar wuta, minti 20 ta isa. In Indomie ce minti 5 ma ya yi. Shito, soyayyen yajin nan namu na Gana, a gefe, shi ke nan.

Wuta ba ta ci sosai, ko kusa da dutsen guga ba ta kai ba, katin mita bai nuna mini wani bambanci ba.

Aibinta babba ɗaya ne, dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Wata Laraba aka ɗauke wuta tun hantsi, naman ya wuni da ɗumi-ɗumi bai dahu ba, dole na zubar don ba zan ba yarana abin da zai ɓata musu ciki ba. Ranar har hawaye na yi. Tun daga nan in fanka ta tsaya Hajiya takan kira ni, in roƙi maƙwabciyata ta juye a tukunyar ƙarfe ta ɗora kan gas. Wayar wutar tukunyar ma gajera ce, kuma tangaran ɗin ba ya son ruwan sanyi yana da zafi, tsagewa zai yi.

'Yar'uwa, in ta gwanjo za ki saya, ki duba ƙasanta. Wadda ta fito daga Amurka bolt 120 take ɗauka, wutarmu ta Gana kuwa 230 ce, kina jona ta za ta ƙone. Babbar Sallah in Allah ya kai mu, ƙafar saniya nake son gwadawa a cikinta, in bar ta ta kwana a kunne.