Atamfa ko Rinin Baba: Wanne Ya Fi Dacewa da Bangon Falo?

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce kin tare a sabon gida, falonki ya haɗa kujerun zamani masu launin madara da teburin gilashi da tumtum biyu na fata da kika gada a wurin kakarki, kuma kina so ki rataya ƙyalle a babban bango a maimakon hotunan kanti, amma kin rasa zaɓi tsakanin atamfa da rinin baba irin na Ƙofar Mata. Shawarata ita ce ki ba rini bangon, ki bar wa atamfa matasan kujeru, ko kujera ɗaya tak idan kina son ta fito sosai.

Atamfa aikin inji ce tun asalinta. Turawan Holan ne suka kwaikwayi rinin kakin mutanen tsibirin Java a ƙarni na 19, kasuwarta kuma ta buɗe a Afirka ta Yamma, inda har yau ake ji da kayan kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846. Saboda inji ke buga ta, zanenta maimaituwa yake yi daga farkon turmi har ƙarshen yadi na shida, kuma irin wannan turmin akwai dubbansa a kasuwa. Wannan ba aibi ba ne, domin manyan masu fasahar zamani sun gina suna a kansa. Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan a 1962 ya kuma tashi a Legas, ya taɓa shirya ɗaki guda tsakanin 1996 da 1997 a fasalin falon attajirin Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, ya lulluɓe bango da kujeru da atamfa mai ɗauke da hotunan baƙaƙen 'yan ƙwallo. Abin da yake nunawa shi ne dukiyar irin wannan falo tana da alaƙa da mulkin mallaka, kuma ƙyallen da duniya ke kira na Afirka ya ratso Asiya da Turai kafin ya iso. A fagen ɗinki ma, Lisa Folawiyo ta Legas ta ɗaga darajar atamfa ta hanyar ɗinka mata duwatsu da hannu, Duro Olowu kuma ya shahara da haɗa zane-zane masu karo da juna a riga ɗaya, har aka gayyace shi ya ƙawata ɗaya daga cikin ɗakunan fadar shugaban Amurka a 2015.

To amma abin da ke burge mai kallo a gidan nunin fasaha na Landan ba lallai ne ya yi aiki a falon Bahaushiya ba. A can atamfa baƙuwa ce, ganin ta a bango yana sa mutum ya tsaya ya yi tunani. A wurinmu kuwa sutura ce, kuma idon mace ya san ta ciki da bai. Baƙuwarki tana zama za ta gane holan ce ko sufa, za ta tuna shekarar da aka yi yayinta, wataƙila ma ita ce ankon bikin da kuka je tare. Atamfa tana da yayi, jiki yana canza ta duk sallah, bango kuwa abin da aka rataya masa yakan shekara biyar ko goma yana kallon mutane. Ga kuma yawan launi: falon da ya riga ya tara gilashi da fata da yadin kujera, idan aka shimfiɗa masa yadi uku na atamfa mai launi huɗu, ido ba zai sami inda zai huta ba.

Rini kuwa wani abu ne dabam, kuma a nan nake so ki ɗan dakata. Marinan Ƙofar Mata suna danganta kafuwar karofinsu da shekarar 1498, kuma lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar rinanniyar tufar garin tana tafiya har Timbuktu da Tarabulus. Aikin yana nan yadda yake. Ana zuba baba da toka a rijiyar rini, a bar su su ruɓa tare na kwanaki har ruwan ya nuna, ya yi kumfa a sama. Mata ne galibi ke ɗaure farin yadin da zare tun a gida, ƙulli bayan ƙulli, kafin a kai wa marini. Idan ya tsoma ya ɗago, yadin ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne, sai iska ta buge shi sannan ya juye a gaban idonki. Haka zai yi ta tsomawa yana ɗagowa, kuma yawan tsomin ne ke raba shuɗi mai haske da wanda ya kusa zama baƙi. Da an kwance ƙullin sai farin zane ya bayyana, wani wuri ya fita tsaf, wani wuri shunin ya ɗan kutsa ciki, don haka babu guda biyu da suke zama iri ɗaya. Wannan kaɗai ya kusantar da shi ga zanen hannu fiye da atamfa. Idan aka kai shi mabuga aka buge shi da shuni, kamar yadda garin Kura ya yi suna da turkuɗi da rawanin da Buzaye ke naɗawa, har sheƙi yake yi.

Shi ma ya shiga fasahar zamani, ba a bar shi a baya ba. Aboubakar Fofana na Mali, haifaffen Bamako a 1967, ya kai rinin baba babban baje kolin fasaha na duniya da ake kira documenta a 2017, kuma da wannan rinin yake yin mayafai da kayan shimfiɗa. Nike Davies-Okundaye ta yi irin wannan hidimar ga adiren Yarabawa, wanda shi ma rinin baba ne, har ya zama abin ratayawa a gidan nuninta na Lekki.

A falonki, launin rini ɗaya ne mai zurfi, shi ya sa zai iya riƙe kayan da ba danginsu ɗaya ba. Jan fatar tumtum yana ƙara fitowa kusa da shuɗi, launin madara kuma yana samun abin jingina. Iyayenmu sun san wannan a jeren ɗaki, inda kwalla da samira na ƙasashen waje ke zama tare da ƙwarya da faifai ba tare da hayaniya ba, saboda akwai tsarin da ya ɗaure su.

Akwai kuma dalilin da ya shafi amfani na yau da kullum, wanda a ganina shi ne ya yanke hukunci. Rinin baba yana zuba, musamman sabo da wanda aka buga. Idan kika yi matashi da shi kika ɗora a kan kujera mai launin madara, ko baƙo mai farar shadda ya jingina da shi, zai bar shaida. Atamfa mai kyau kuwa tana jure wanki da gogayya, ga sauƙin samu a Kantin Kwari, ga shi tela zai ɗinka miki rigunan matasai da zif cikin yini ɗaya, ranar da kika gaji da ita ki cire ki sa wata. Wajen rana dukkansu suna koɗewa, don haka kada ki zaɓi bangon da hasken taga ke duka kai tsaye. Wajen ƙurar hunturu kuwa rini ya fi nuna ta saboda duhunsa, sai dai a riƙa kaɗe shi da busasshen tsumma mai laushi, ko a sa shi a bayan gilashi.

Idan za ki saya, ki je marinar da kanki, ki tambayi marinin ko baba ne zalla ko an haɗa da rinin kanti, domin yanzu ana yin duka biyun kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Ki goga farin ƙyalle a jikinsa ki ga yawan zubarsa, ki ɗauraye shi da ruwan sanyi ki shanya a inuwa kafin a ɗaura shi. Ki ce wa kafinta ya miƙe shi a kan firam na katako ta yadda yadin ba zai taɓa fentin bango ba, faɗinsa kuma ya kai kamar kashi biyu cikin uku na doguwar kujerar da zai hau samanta. Sannan ki yanki ɗan guntunsa ki tafi da shi kasuwa, ki nemi atamfar da ke da wannan shuɗin a cikin zanenta, ita za ki yi matasan da ita.